Gashin Halti Dahabaye

Halti Dahabaye ƙanwar mahaifiyata ce. In aka tambaye ni abin da ta yi da shekara hamsin da 'yan kai da Allah ya ba ta, amsa ɗaya gare ni: ta yi kiwon gashi. Wasu matan unguwarmu ta Ridina sun kiwata awaki, wasu sun kiwata 'ya'ya, maƙwabciyarmu Hajje Gamar ta riƙe marayun ɗan'uwanta har ta aurar da su. Ita Halti gashi ta kiwata. Ba kuwa zan rage mata ba, ya yi kyau. In aka tsefe shi ta miƙe tsaye, bakinsa yana shafar bayan cinyarta.

A Mongo aka haife ta, a gindin duwatsu, inda kowace yarinya take tashi da tulu a ka. Ita ba ta taɓa ɗauka ba. Tun tana ƙarama kakarmu ta ga gashinta yana tofo kamar ciyawar bakin fadama, sai ta hana a ɗora mata gammo, wai zai cinye mata tsakiyar kai. Mahaifiyata ce ta riƙa zuwa rijiya sau biyu, ta ɗauko nata ta koma ta ɗauko na ƙanwarta. Tun daga nan Dahabaye ta gane cewa gashi uzuri ne da ba ya tsufa. Ba ta hura wuta, kada tartsatsi ya tashi. Ba ta daka, kada gari ya hau mata kai. Da aure ya kawo ta Injamena gidan Bishara mai gasa naman raƙumi, ta haifi 'ya'ya huɗu, ko ɗaya bai san ɗumin bayanta ba, domin jariri yana jan kitso. A bayan maƙwabta suka girma. Babban cikinsu, Hamdan, sai da ya yi wayo sosai kafin ya daina kiran mahaifiyata Iya.

Ko aikin Hajji bai tsira ba. Matan da suka tafi tare da ita sun ce da aka zo rage gashi, aka ce kowace mace ta yanke gwargwadon gaɓar yatsa, Halti ta bi tanti-tanti tana leƙa hannuwan mutane, har ta samo wata 'yar tsohuwa mai guntayen yatsu, ta ce da ƙaramin yatsan wannan baiwar Allah za a auna nata.

Irin wannan gashi ba mai shi ke riƙe shi ba, hannuwan mutane ne. A layinmu mata sukan taru a tsakar gidan Hajje Gamar ƙarƙashin darbejiya, a soya 'ya'yan shebe, wani tsiro da matan nan ke gyaran gashi da shi, har su yi baƙi, a daka su da kanumfari, a ɗora shayi. Sai a zaunar da mace ɗaya, a raba kanta gida-gida, a jiƙa, a shafa mai, a barbaɗa garin tun daga ƙasan saiwa har baki, a kitse manya-manya. Wadda aka yi wa ta tashi, ta zauna a bayan wata. Kan mace ɗaya yakan ci rabin wuni. Kan Halti wuni guda yake ci, da mata uku. Kuma da an ɗaure bakin kitson ƙarshe sai wuyan hannunta ya motsa.

"Wayyo, sanyin nan ya sake taso mini," in ji ta, tana murza hannun da bai taɓa komai ba tun safe sai kofin shayi.

Shekara da shekaru haka ake yi. Matan suna gunaguni, suna kuma yi mata. Na daɗe ina mamakin dalili.

Ni na yi shekaru a Aljeriya ina karatun haɗa magunguna. Sanyin can da ruwan can suka karya mini gashi, na gaji na yanke shi, na dawo da abin da bai rufe kunnena ba. Ranar da na iso, Halti ta shigo gidanmu, ba ta tambayi hanya ba, ba ta tambayi karatu ba, ta zare mini ɗankwali, ta kira sunana.

"Amne, wannan ne abin da kika kawo mana? Yaya, zo ki ga 'yarki. An tura ta neman ilimi ta bar kanta jingina."

Na miƙa hannu in taɓa jelar kitsonta don wasa, ta ja baya kamar na ɗauko garwashi. A wurinmu an yarda cewa hannu iri biyu ne, akwai mai tsirar da gashi, akwai mai cinye shi, kuma ana gane hannun mace daga abin da ke kanta. Mata da yawa suna faɗin haka suna dariya. Halti ba ta dariya a kansa.

A lokacin ana shirin bikin Hamdan. Yarinyar da zai aura, Arafa, 'yar mutanen Abeshe ce, kuma labari ya riga ta isowa cewa gashinta ya wuce ƙugu, ga shi ba ta kai ashirin da biyar ba. Duk uwar ango za ta ji daɗin wannan. Halti ta daina cin abinci sosai. Tun da ta zo Ridina ba a taɓa zaman mata an yi maganar kan wata ba alhali tana wurin, yanzu kuma a cikin gidanta za a ajiye kan da za a riƙa kallo.

Ana cikin haka wata rana ta karɓi wayata tana duba hotunan walimar gama karatunmu. Ta tsaya a kan wata abokiyar karatuna, wadda gashinta ya zubo a nannaɗe, silli-silli, kamar 'yan hannuwan da duma ke kama danga da su.

"Wannan haka aka haife ta?"

Na ce a'a, naɗe shi ake yi a jikin ƙarfe mai zafi, a fesa masa wani ruwa ya tsaya.

"Ƙarfe? Allah ya kiyashe ni. Su ba su da kara ne a ƙasarsu?" Ta ƙara kusanto da hoton. "'Yan Abeshe sun iya wannan?"

Na ce ban sani ba.

"Ba su iya ba," in ji ta, ta miƙo mini wayar.

A zaman darbejiya na gaba aka shimfiɗa mata tabarma kamar kullum, ta ƙi zama.

"Hajje, bana kam na hutar da ku. Wannan kitson ƙauyen ya ishe ni. Ranar bikin ɗana za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba."

Hajje Gamar tana jujjuya shebe a kasko, ko kai ba ta ɗago ba, ta kira ta uwar Hamdan yadda ake faɗa a nan. "Am Hamdan, mun ga abin da ba mu taɓa gani ba tun yau. Kin zo, ba ki zauna ba."

"Ku yi ta dariya. Wadda gashinta bai kai ta goge majina da shi ba ita ce mai baki."

"Namu ai hannu ya cinye shi," in ji wata daga baya. "Duk ya ƙare a kanki."

Ta juya ta fita, laffayarta tana jan ƙasa.

Kafin a naɗe gashi sai an fitar da man da shebe da suka zauna a cikinsa, wannan ita da kanta ta gano. Ta kulle ƙofar gidanta, ta kira ni, ba don in taɓa ba, sai don in riƙe madubi in kuma riƙa nuna mata hoton. Na tafi, domin ina son in ga inda abin zai tsaya.

Ta fara da karkashi, yadda kowa ke yi. Ta jiƙa busasshen ganyen har ruwan ya yi yauƙi, ta wanke, gashin ya fito laushi yana sheƙi. Ta murza shi tsakanin yatsu ta taɓe baki, wai har yanzu da maiƙo. Washegari ta daka ganyen magarya ta kaɗa shi ya yi kumfa, ta sake wankewa. Nan ma bai yi mata ba. Ta gwada ruwan tsamiya. Ta gwada dusar gero da aka jiƙa, wadda ta bar mata tsaki a kai har sai da ta koma wa karkashi. Daga ƙarshe ta ce abin da ke fitar da kitse daga tukunyar Bishara ba zai gagara fitar da mai daga gashi ba, ta ɗauko dunƙulen jar kanwa kamar ƙulli na hannu ta jefa a baho.

Na ce, "Halti, kanwa tana da ƙarfi. Ko kaɗan ce tana busar da gashi, balle wannan."

"Ke da kanki ya gagare ki riƙewa, ke za ki koya mini? Ɗaga madubin."

Na ɗaga madubin. Gashin ya fita tas, gaskiya ne. Da ya bushe sai ya tashi ya kumbura, ya yi haske-haske ja, in ta taɓa shi yana ƙara kamar busasshiyar ciyawa. Ta ce haka ake so, ya yi sauƙi.

Saura abin da zai riƙe naɗin. Ruwan feshin da na ambata babu shi a gidanta, ba kuma za ta aika a nemo ba kada maganar ta fita. Amma akwai ƙaro. Kowane gida a nan yana da ƙaro a gwangwani, da shi ake ƙarfafa hula, da shi ake sa rigar salla ta tsaya ƙyam. Halti ta ce abin da ya tsayar da hular Bishara shekara guda zai tsayar da gashi wunin biki. Ta jiƙa shi da kauri, ba irin na hula ba, irin wanda in ka ɗaga cokali yana bin sa kamar zuma. Ta sa aka kawo mata sillen kara daga Kasuwar Gero, ta yayyanka shi tsawon tafin hannu.

Ana jibi za a fara biki ta zauna tun da hantsi. Ta ware silin gashi, ta tsoma a ƙaro, ta naɗe a jikin kara tun daga baki har saiwa, ta ɗaure da zare. Na yi mamaki ƙwarai, domin wuyan hannun nan mai sanyi ya yi aiki har la'asar bai ce uffan ba. Da ta gama, kanta ya zama kamar rufin bukkar da iska ta ɗaye. Sai ta ce a yi maza ya bushe. Ta hura itacen ƙamshi a ramin hayaƙin da mata ke zama a kai kafin biki, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai a bakin ramin, ta ce in lulluɓa mata bargo. Tana tari tana cewa in ƙara itace.

Washegari da safe ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a tsakar gida, idanu jajur. Ta kwance zaren kara na farko ta ja, kara bai fito ba. Ta murɗa shi ya fashe, tsinkayensa suka maƙale a ciki. Ƙaron ya gasu ya zama kamar gilas, ya haɗa gashi da kara abu ɗaya.

Na ce ai ƙaro ruwa yana narkar da shi, ta jiƙa ta bar shi ya sha, kada ta taɓa. Rabin maganar ta ji. Ta tsoma kai a baho, da ta ji ya fara saki sai ta kama shi da hannu biyu ta yi masa cuɗar wanki, tana sauri, tana salati. Gashin da kanwa ta riga ta busar, ga danƙo, ga tsinkayen kara. Da ta ɗago, babu silli ko ɗaya. Abu guda ne dunƙule a bayan kanta, kamar sheƙar tsuntsu da ruwan sama ya daka.

Ta shafa shi. Ta sake shafawa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kuma a wannan lokacin kam na ji tausayinta.

Na ce, "Halti, bari in kira Hajje Gamar. In mata biyar suka zauna da ruwan karkashi da mai da tsinke, suna bi a hankali, zai warware. Ko bai fita duka ba, mafi yawansa zai tsira."

"Su gan ni haka?"

"Sun fi kowa sanin kanki."

"Su gan ni haka, su je su faɗa wa 'yan Abeshe? In kin fita ƙofar nan kin kira wata, ban yafe miki ba."

"To kira Iya."

"Uwarki ta fi su baki."

"To ni in gwada."

Ta dubi kaina, duk da halin da take ciki, ta ce, "Da wannan hannun?"

Haka aka aika wa Bishara a rumfarsa cewa ya rufe ya zo gida, babu lafiya. Ya shigo a guje yana warin hayaƙi da kitse, ya ga matarsa, ya tsaya. Mutum ne mai jiki, mai sanƙo tun daga goshi har ƙeya, yatsunsa kamar rogo, duk tabon wuta.

"Am Hamdan, me ya faɗo miki a ka?"

"Abu Hamdan, rufe ƙofa ka zauna. Kai za ka warware."

Na ce, "Halti, ni kin ƙi hannuna don gashina gajere ne. Shi fa ko ɗaya babu."

"Shi namiji ne, hannunsa ba ya cikin lissafi."

Bishara ya zauna a kan turmi, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ni ina jiƙa karkashi ina miƙawa. Ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi. Ya zuba yauƙi, ya sa tsinke, ya ciro 'yan tsinkayen kara. Amma mutumin da ya shekara talatin yana raba nama da ƙashi hanya ɗaya ya sani ta raba abin da ya manne. Duk inda ya ja, ta yi ƙara. Duk inda ta yi ƙara, ya ƙara ja don a gama da wuri. Gashi yana tsinkewa yana bin yatsunsa.

"A hankali, kai! Ba raƙumi kake fiɗa ba!"

"Raƙumi ai ba ya zagina. Wa ya aike ki? Ƙaron hulata kika ƙarar?"

"Hularka ita ce damuwarka?"

"Gobe da me zan tarbi surukai, da hula a langaɓe?"

Bayan azahar ya ce yatsunsa sun mutu. Abin da ya warware bai kai kaurin wutsiyar akuya ba, shi ma duk a karye. Na sake cewa a kira Hajje Gamar, har yanzu da sauran lokaci. Halti ta juya kai wajen katanga, har na ɗauka ta yarda. Daga can bayan katanga muna jin matan suna daka kayan ƙamshin bikin ɗanta, suna waƙa, Hajje Gamar ce ke ba da baki.

Sai ta ce, "Abu Hamdan, ɗauko wuƙarka."

Ya wasa ta a bakin turmi don sabo. Yanka uku ya yi. Abin ya faɗo ƙasa tim, da nauyi, karare suna leƙowa daga cikinsa. Abin da ya rage a kanta bai kai nawa ba.

Ta sa muka rantse ba za mu faɗa ba. Ni na riƙe. Bishara kuwa ya koma rumfa da yamma, masu cin nama suka tambaye shi me ya rufe shi da rana tsaka, ya ce shi ba zai faɗa ba, sannan ya faɗa. Kowane ɗayansu yana da mata.

Ranar zaman mata Halti ta fito da laffaya baƙa mai kauri, ta naɗe kai har gira, ta soke da allura a ƙarƙashin haɓa, a cikin zafin da ko jariri an tuɓe shi. Aka kawo amarya aka buɗe kanta, mata suka yi guɗa. Hajje Gamar ta matso kusa da uwar ango da kofin shayinta.

"Am Hamdan, muna jira. Kin ce za mu ga abin da ba mu taɓa gani ba."

Halti ta gyara zama ta runtse ido. "Hajje, na yi tunani ne. Shekaru sun ja. Mace ta riƙa baje kai a gaban jama'a, ko da mata ne, riya ce. Ni na tuba. Ina ma ku ma za ku duba lamarinku."

Wata ta ƙware da shayi. Hajje Gamar ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofin.

"Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Dahabaye. Da kin yi tari da mun shigo. Ba don ke ba, kada ki ɗauka don ke ne. Gashin nan namu ne. Ni na kitse shi ina da cikin fari, na kitse shi ina takaba. Tsohuwar layin nan Hababa ta kitse shi har idonta ya mutu. A kanki kawai muka ajiye shi, kika ba mahauci."

A nan na sami amsar abin da na daɗe ina mamaki. Halti ta kawar da kai. Ta ja carbi.

Tubar ta zauna da ita, don ba ta da inda za ta ajiye ta. Gashin mai shekara hamsin ba ya dawowa yadda ya tafi. Yanzu takan zo gindin darbejiya, kai a naɗe, ta zauna gefe tana shan shayin mutane tana yi musu wa'azi a kan ƙawar duniya. Wuyan hannun yana nan da sanyinsa.

Kwanan baya na shiga gidansu na tarar Arafa ta tsefe kai tana shan iska a tsakar gida, gashin ya zubo har tabarma. Halti tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana kallonsa, carbin ya tsaya a hannunta.

"'Yata," in ji ta, da wata murya mai zaƙi da ban san tana da ita ba, "wannan gashi naki naɗi zai yi masa kyau. Irin na Larabawan arewa. Akwai hanyar da ake yi a gida, ba wuya, ba kashe kuɗi. In kina so in nuna miki."

Arafa ta sunkuyar da kai yadda suruka ke yi, ta tattara gashinta gaba ɗaya ta mayar da shi ta kafaɗar da ke nesa da ƙofar.

"Na gode, Iya. Bari in tambayi Baba ko wuƙarsa tana kusa."